Yaran Aro

A shekarun da na yi ina koyarwa a firamaren ƙauye, babu abin da ban ga an aro ba. Na ga an aro bencuna daga coci, an aro tuta daga gidan mai gari, an aro agogon bango da ya daɗe da mutuwa aka rataye shi a ofishin hedimasta, wai baƙi ba za su zauna har su lura ba. Akwai shekarar da aka aro malami sukutum, wani saurayi mai shagon cajin waya da ke ɗan jin Turanci, aka danƙa masa alli ya yini yana malanta. Duk wannan ban taɓa ɗaga kai ba, don na ɗauke shi irin sharar da ake yi wa tsakar gida in suruki zai zo. Ranar da aka aro yara ce ta tsaya mini a wuya har yau.

Makarantarmu tana can bayan Malumfashi, in ka sauka daga kwalta ka bi hanyar da damina ke cinyewa duk shekara. Ƙaramar hukumarmu tana da firamare rututu, kusan kowace unguwa da tata, kuma ciwo ɗaya ke damun su duka: yaro zai shiga aji ɗaya ya fita aji shida bai iya karanta abin da aka rubuta a jikin buhun taki ba. Ofishin ilimi ya sani, malamai sun sani, iyaye sun fi kowa sani. Abin da kawai ba a yarda ba shi ne a faɗa a gaban baƙo.

Ba kuma za a ce an zauna ba a yi komai ba. An yi bita. Mu malaman yankin nan in da bita tana koya wa yaro karatu, da jariranmu ma da jarida za a haife su. A kwashe mu zuwa Funtua, a zuba mu a babban ɗakin taro, wani mai ƙaramar riga ya haska bango da majigi, ya yi ta nuna mana ajin da ke da yara kamar a ƙirga da yatsu, kowa da kujerarsa da littafinsa. Ya ce mu tafa, mu tafa. Ya ce mu kasu rukuni-rukuni, mu kasu, dattawa da furfura muna rera waƙar baƙaƙe muna kaɗa kafaɗa. Da la'asar a ba mu shinkafa a roba da jaka mai tambari, mu koma ƙauyukanmu mu tarar da allonmu na siminti yana nan yadda muka bar shi, ya yi fari fat don tsufa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, bitar ƙarshe da aka yi mana ta yi ma'ana. Wasu mutane ne suka zo da tsarin koyar da karatun Hausa a dukan makarantun yankin, ba na hadda ba. A koya wa yaro sautin baƙi, a haɗa masa da wasali ya zama gaɓa, ya haɗa gaɓa da gaɓa da kansa har kalma ta fito. Na je da niyyar barci na dawo ina ƙaiƙayin gwadawa. Na gwada a ajina na ga yana ci, amma a hankali, don yaran sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Na gaba suna ji, na tsakiya suna kallon bakina, na baya kuwa suna cinikin gyaɗa. Abin da ake bukata a fili yake: littafi a hannun kowane yaro, da malami na biyu a raba ajin. Masu tsarin sun ce za su kawo duka biyun, amma ba ko'ina ba. Za su zagaya su gwada 'yan aji uku, makarantun da suka fi rauni su za a fara taimaka wa.

A cikin ajin nan akwai wata yarinya, jikar wani dattijo Kirista da gonarsa ke jingine da katangar makaranta. Ubanta ya rasu, uwarta ta yi wani auren a nesa, tana hannun kakan. Dattijon ya koyi karatu tun yana saurayi a ajin mishan, kuma yana ji da abinsa, sai dai ido ya fara gudunsa. Shi ba likita yake so ta zama ba. So yake ta riƙa karanta masa Littafi Mai Tsarki da safe, ta kuma iya duba takardar asibiti kada a ba shi maganin wani. Ni Musulmi ne, amma tun ubana yana raye muke maƙwabtakar gona da shi, Baba nake kiran sa, shi kuma bai taɓa ce mini komai ba sai Malam, ko da yake ya san ni tun ina yawo ba wando.

Matsalar ita ce baffan yarinyar, ƙanin ubanta, mai cinikin hatsi a Funtua. Shi ke ciyar da gidan, kuma matarsa tana neman mai taya ta aiki da reno. Ya zo ya ce shekara biyu ke nan yarinya tana zirga-zirga da sunan boko, ko sunan garinsu ba ta iya karantawa, gara a ba shi ita ta koyi wani abin. In za a bi gaskiya, ban ga ƙaryarsa ba. Baba ya roƙe shi ya bari a gama kaka, ya kuma jawo ni shaida. Ni kuwa da bakina na ce masa taimako yana tafe, makarantarmu ko da ido rufe aka zaɓa sai ta shiga cikin masu rauni, a bar mini ita shekara guda a gani. Ban taɓa alfahari da lalacewar wurin aikina ba sai ranar.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba a dai taɓa koya mata ba ne. Na dawo da ita layin gaba. Kafin hutu ta kama wasula da baƙaƙe da dama, hutu ya zo ya cinye rabi, muka dawo muka sake ɗaura ɗamara. Hedimasta ya bar ni da ajin suka shiga aji uku, ba don hikima ba, don babu wanda zai karɓe su. Lokacin da masara ta fara bushewa, ta kai ga haɗa gaɓa biyu. Za ta ɗora yatsa a allo, ta ce “ma”, ta ja numfashi, ta ce “sa”, sai ka ga fuskarta ta buɗe kamar ta tsinci abu a hanya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ana nan sai aka tara hedimastoci da malaman aji uku a ofishin ilimi. Shugabar masu tsarin, wata mace mai sanyin magana, ta yi mana bayani da Hausa tsantsa yadda ko kurma zai gane. Ta ce kada a shirya musu komai, kada a yi fenti, kada a horar da yara. Ta ce ba laifi suka zo nema ba, rauni suke nema su sa magani. Ta maimaita har na fara jin nauyinta. Aka yi mata tafi, aka raka ta mota.

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Oga ya sa aka rufe ƙofa. Oga shi ne shugaban ofishin, mutum mai babbar riga da ƙaramar murya, wanda ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce yana nan daram. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushin mai tausayin yara.

“Kun ji dai abin da ta ce,” in ji shi. “Haka suke magana. Wa ya taɓa zuwa gidanka ya ce nuna mini inda ɗakinka ke yoyo, kai kuma ka kama hannunsa ka kai shi? Rahoton nan har teburin manya zai je. Duk hedimastan da ya ja aka rubuta yaransa ba su iya karatu ba, ya fara ɗaure kayansa.”

Nan take hedimastoci suka gane karatun, su dai. Kowa ya tuna akwai makarantu can bakin daji inda ko babur ba ya son zuwa. Ni kuma da ba a tambaye ni ba na miƙe na ce, ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, matar nan magani ta ce ta kawo. Oga ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na ce ai mu ba hange muke ba, a cikin ajin muke kwana muke tashi. Hedimastana ya ja mini riga har ɗinkin aljihu ya buɗe. A hanyar komawa gida ya yi ta yi mini nasiha a bayan babur, wai baki shi ke yanka wuya, wai saura masa kaɗan ya yi ritaya, in rufa masa asiri.

Yadda aka tsara abin kuwa, wallahi sai da na sara wa ofishinmu. Akwai wata makarantar kuɗi a cikin gari inda 'ya'yan Oga da na manyan ofis suke karatu, don su ma ba mahaukata ba ne da za su kai nasu inda suke shugabanta. Daga can aka aro yara masu karatu kamar ruwa, aka ɗauki hayar bas. Baƙin za su bi makarantu cikin 'yan kwanaki, kuma sun kasu ƙungiya-ƙungiya, don haka aka samo jadawalinsu daga bakin direba, aka tsara yadda ba za a haɗa ƙungiya ɗaya da fuska ɗaya sau biyu ba. Bas za ta riga su isa, yaran aro su sa yunifom ɗin makarantar, su zauna. Da yake baƙin daga rajista za su kira suna, aka koya wa yaran tashi bi da bi: sunan namiji, namiji ya tashi, sunan mace, mace ta tashi. Har an ware marasa hijabi don sunayen Kirista. Da an kashe rabin wannan basirar a kan koyarwa, da ba a bukaci bas ba.

Saura matsala ɗaya: yaro in ya ji sunansa sai ya amsa, ko an hana shi. Don haka aka yanke cewa 'yan aji uku na gaskiya kada a gan su ko kusa. Za a cike ajin da ƙananan 'yan aji huɗu da biyar, waɗanda sunansu ba ya cikin rajistar, su zama ado. Masu ajin kuwa a san inda za a kai su. A makarantarmu babu wurin ɓoye wannan taron sai gonar masarar da ke bayan katanga, wato gonar Baba. Hedimasta ya ce ni zan tsare su a can, tunda bakina ba shi da linzami, kada in tsaya kusa da baƙi. Na ce ba zan je ba. Ya ce to shi ke nan, zai sa maigadi da bulala. Na san maigadin, na kuma san bulalar, sai na tafi.

Ni dai tun mako guda kafin ranar na riga na gaya wa yaran cewa baƙi za su zo su ji karatunsu, kowa ya zo da tsabta. Yarinyar ta kai wa kakanta labari, shi kuma ya sa tela ya ɗinka mata sabuwar rigar makaranta, ta farko da ba kwance ba tun shigarta makaranta. Ta zo da safe an yi mata kitso, ƙafa ta sha mai, tana ta motsa baki tana bitar gaɓoɓinta. Da bas ta iso aka fara neman yunifom masu kyan gani, idon hedimasta bai sauka a kan kowa ba sai ita. Wata malama ta ja ta bayan aji, ta fito da rigar a hannu, yarinyar kuma ta fito ɗaure da zanen malamar har ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni ko in an gama za a kira su su ma su yi nasu, na ce mata mu je tukuna.

Muka shiga masara, ni da garken yarana, rabinsu ba riga. Masarar ta fi ni tsawo, ganyen ya bushe yana yanka fata, ga zafi ba iska. Na zaunar da su a tsakanin kunyoyin gonar na ce kowa ya yi shiru. Yaro dai yaro ne, wasu suka ɗauka wasan ɓuya ne suna ƙyalƙyala dariya a tafin hannu. Manyan cikinsu kuwa sun gane sarai, don ba wanda ya haɗa ido da ni. Muna jin motoci suka tsaya, muna jin waƙar maraba, can kuma sai tafi ya fara tashi daga ajinmu, ya lafa, ya sake tashi. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga, ga shi ba halin ɗaga murya. Na kakkarya karan masarar mutane ban sani ba.

Abin da ya faru a ciki, malamar nan ce ta ba ni labari daga baya. An kira sunaye, yaran aro suka yi ta tashi suna zuba karatu. Da aka kira sunan jikar Baba, wata 'yar gari mai sanye da rigarta ta tashi ta karanta labari guda ba tuntuɓe, har da sauya murya inda kura ke magana. Wai shugabar ta cire tabarau ta dubi rufin da ya yaye, ta dubi allon da ba a ganin rubutu, ta tambayi hedimasta yadda aka yi haka. Ya sunkuyar da kai ya ce jajircewa ce kawai da addu'a. Ta tambaya ina malamin ajin yake, a gaishe shi. Aka ce mata ya tafi gona, wanda kuma ba ƙarya ba ne.

Da suka tafi aka fito da mu. Aka mayar wa yarinyar rigarta tana ƙanshin man shafawar wata. Ta sa, ta koma wurinta a layin gaba ta zauna tana jira, har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Haka bas ɗin nan ta yi ta zagaya ƙaramar hukumarmu, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Labarai suka yi ta zuwa. A wata makaranta an ɓoye 'yan aji uku a rumbunan mai unguwa, a wata an ce su tafi rafi su yi wanka sai an neme su. Wani hedimasta da ba shi da gona kusa ya ba su hutu ya ce ranar rigakafi ce, ya san ba mai leƙowa. Yaran aro kuwa suka gaji, suka fara yanga, sai an saya musu lemo da biskit kafin su sauko. Akwai wani ɗan ƙaramin cikinsu da aka ce a mako guda ya amsa sunaye har ya manta nasa. Ko'ina aka je sakamako ɗaya ne, yaran manoma suna karatu kamar masu labaran rediyo.

Sakamako ya fito ana tsakiyar girbi. Masu tsarin suka rubuto cewa abin da suka gani a yankinmu ya ba su mamaki ya kuma faranta musu rai, makarantunmu ba sa cikin masu bukatar agajin gaggawa. Littattafai da ƙarin malamai aka juya da su wata ƙaramar hukuma, inda ga alama ogansu bai kai namu wayo ba, ko kuma bai sami bas ba. Mu kuma aka ce mu zama abin koyi. Har aka fara maganar turo malaman wasu wurare su zo su ga yadda muke yi, abin da ya sa Oga ya rame a tsaye na 'yan kwanaki kafin maganar ta bi ruwa.

Aka yi biki a harabar ofis, da rumfa da lasifika. Oga ya sha sabuwar shadda ya yi jawabi a kan sadaukarwa. Na tsaya a baya ina kallon hedimastoci suna tafi, kowannensu ya san inda ya ɓoye nasa, kuma kowannensu ya fara yarda a ransa cewa wataƙila dai yaran sun iya ɗin. Aka ba Oga allon yabo na katako. Aka kuma ba da takardar yabo ga ɗalibin da ya fi kowa a kowace makaranta. A tamu, sunan jikar Baba ne ya fito. Hedimasta ya karɓa a madadinta, ya sa aka manne ta da leda, ya kuma ɗauka da ƙafarsa ya kai gidan, don shi a ganinsa alheri ya yi musu. Ya ci sa'a ko rashinta, ya tarar da baffan ya zo ɗaukar masara.

Da yamma Baba ya aiko a kira ni. Na same su a ƙofar gida a kan tabarma, ga buhuna an jera, baffan yana riƙe da takardar yana fifita da ita. Yarinyar tana gefe tana ɓarzar masara a kwarya. Bayan gaisuwa baffan ya yi mini godiya mai yawa, ya ce ashe ya zalunce ni da zato, ashe aiki nake yi. Ya ce tunda yarinya ta iya karatu har ta fi kowa, bukatar Baba ta biya, in ta zo ganin gida ta karanta masa abin da yake so. Abin da ya rage ta je ta koyi zaman duniya. Gobe motar masara za ta tashi, da ita za a tafi.

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Ya riga ya san komai, tun ranar ta gaya masa, ya kuma ga karan da na kakkarya masa. Ya ce, “Malam, faɗa masa.”

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, da bas, da riga, da gona. Na ce yarinyar nan yanzu ta fara, ƙofar ta buɗe ke nan, in aka cire ta yau abin da ta tara zai zube kafin baɗi. Na ce ko babu littafi ko babu malami na biyu zan ci gaba da ita, a ba ni lokaci. Ya saurare ni har na gama, mutum ne mai ladabi. Sannan ya juyo da takardar ya nuna mini hatimi da sa hannun Oga.

“Malam, ina ganin girmanka,” ya ce. “Amma kai da hukuma wa ya fi sani? In takardar nan gaskiya ce, ta gama. In kuma ƙarya ce, to makarantar da ke tuɓe wa yara riga ta tura su gona, me zan bar ta ta ƙara koya a can?”

Ni da aka sani da baki, ni da na tsaya gaban Oga, yau ga mai cinikin hatsi ya kayar da ni. Ta ko'ina ya ɗaure ni, kuma da igiyar da muka murɗa da hannunmu. Na dubi Baba ko zai sa baki, amma wanda ake ciyarwa ba ya ja da mai buhu, ya riga ya yi roƙonsa na shekara. Ya dai miƙa hannu aka ba shi takardar. Ya shafa ledar, ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya girgiza kai. Ya kira yarinyar da sunan da yake kiran ta, ya ce ta zo ta karanta masa abin da aka rubuta a kanta, ko kaɗan ne, ya ji da kunnensa kafin ta tafi.

Ta karkaɗe hannu ta zo ta durƙusa. Da Hausa aka rubuta, manyan baƙaƙe a sama. Ta ɗora yatsa a kan na farko yadda na koya mata.

“Ta,” ta ce. Ta ja numfashi. “Ka.”

Sai ta tsaya. Kalmar “Takardar” ce, sauran gaɓoɓinta masu baƙi uku-uku ne, irin waɗanda ba mu kai ba. Ta motsa baki, ta sake komawa farko, ta sake isowa wurin ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini a aji in tana son in ɗan taɓa mata. Baba yana jira, kansa a karkace, bakinsa a ɗan buɗe. Baffan ya tashi ya tafi duba ɗaurin buhunansa.

“Malam, wannan ba mu yi shi ba,” ta ce a hankali.

Na ce mata haka ne, ba laifinta ba ne. Darasin ranar Litinin ne.